Tankin Tsohon Jirgi da Littafinsa

Mota idan ta yi shekara ashirin tana bin hanyar karkara, sai a ce ta ci kuɗinta, a jingine ta bayan gareji, yara su mai da ita wurin wasa. Ƙaramin jirgin sama ba haka yake ba. Kamfanin Cessna na ƙasar Amurka ya fara ƙera jirgin da ake kira 180 a shekarar 1953, ya bi shi da 185 a 1961, ya kuwa daina ƙera na biyun a 1985, amma har wa yau akwai da yawa a cikinsu suna tashi. Akwai ma waɗanda suka girme su, irin su Piper J-3 Cub, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1938 zuwa 1947. Ƙananan jirage masu inji ɗaya irin waɗannan su ne suka yi shekaru suna ɗaukar likitoci da marasa lafiya da ma'aikatan ikkilisiya zuwa inda mota ba ta kaiwa da damina. Mutanen Galmi, inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950, sun san ƙarar ƙaramin jirgi mai zuwa daga Yamai, tafiyar da take cin kusan kilomita 500 in a mota ne.

Abin da ya sa jirgi yake daɗewa haka ba wani asiri ba ne. Injinsa yana da adadin awoyin da zai yi a kwance shi a sāke gina shi. Tayoyi da wayoyi da birki duk ana ganinsu, ana kuwa canza su. Amma tankin mai a ɓoye yake, ko cikin fiffike, ko bayan allon agogunan da ke gaban matuƙi. Mai shiga jirgi ba ya ganinsa, matuƙin ma bakinsa kaɗai yake gani sa'ad da ya buɗe murfi. Abu biyu ne suke tsaron wannan ɓoyayyen wuri, watau hannun makaniki da alƙalaminsa. Mutane sukan girmama na farin, su raina na biyun, su ce ai takarda ba ta tashi sama. Wannan kuskure ne, za a kuwa ga dalili a gaba.

Da fari ya kamata mai karatu ya san cewa tankunan nan ba iri ɗaya ba ne, kowane iri kuma da cutarsa. Na Cub tulu ne na ƙarfe, yana zaune tsakanin inji da kujerar gaba, yana cin galan 12 na Amurka, watau wajen lita 45, abin da ba ya kai jirgin awa uku cikakku a sama. Ƙarfen da aka yi na farkon da shi baƙin ƙarfe ne da aka shafe da dalma haɗe da kuza, aka like gaɓoɓinsa da dalma. Idan shafen ya cinye, sai tsatsa ta kama daga ciki, daga ƙasa inda ruwa yake kwanciya. Ma'aunin mansa kuwa abin dariya ne ga wanda bai saba ba: ɗan toshe mara nauyi ne yake yawo a kan man, an soke shi da waya, wayar ta fito ta cikin murfin tanki a gaban gilashi. Waya ta yi tsawo, akwai mai. Ta nutse, a nemi wurin sauka. Amma idan toshen ya tsufa ya sha mai ya yi nauyi, ko wayar ta lanƙwashe ta maƙale, sai ta riƙa faɗin abin da ba shi ne ba.

Iri na biyu jakar roba ce, kamar salka, da ake cusawa cikin fiffike a maƙala ta da ƴan maɓallai don ta zauna a shimfiɗe. Ita ce a cikin tsofaffin Cessna 180 da 185, da kuma 182 har zuwa 1978. Iri na uku kuwa babu tanki ma sam: fiffiken kansa ne aka like gaɓoɓinsa da wani danƙo na musamman aka zuba mai a ciki, kamar yadda yake a jiragen Mooney. Shi wannan idan danƙon ya tsufa ya fara sakin jiki, babu abin yi sai a buɗe ƙananan ƙofofin fiffike a kankare tsohon da hannu, a sāke shafa sabo, aikin da yakan ci makonni, ya kuwa ci kuɗi.

Yoyo shi ne cutar da ta fi sauƙin ganewa, gama masu yin man jirgi sun taimaka. Man da ake kira 100LL, wanda yawancin ƙananan jirage suke sha, an sa masa launi shuɗi. Idan ya tsattsafo ya bushe, sai ya bar shuɗin tabo a ƙarƙashin fiffike ko gefen ƙusa, kamar sawun baba a hannun marini. Makaniki mai lura yana bin tabon ya kai ga tushensa. Wani kuwa yakan sa tsumma ya goge, jirgi ya yi kyau a ido.

Babban abokin gāba shi ne ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta man jirgi kuwa ba ta wuce kashi 72 cikin 100 na kilo ba, ruwa kuma ba ya gauraya da mai, saboda haka gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututun da ke kai mai ga inji yake sha. Hanyoyin shigarsa uku ne. Yakan zo tare da man tun daga duro. Yakan taru kamar raɓa a bangon tankin da aka bari rabi, sa'ad da rana ta yi zafi dare ya yi sanyi. Ya fi shiga kuma ta murfi, musamman murfin da yake zaune cikin ɗan rami daidai da fatar fiffike, inda ruwan sama yake taruwa, zoben robar da ke tsare shi kuwa ya riga ya tsage. Domin wannan ne aka sa ɗan famfo a ƙasan kowane tanki. Kafin tashi, matuƙi yakan tara ƙaramin kofi mai haske ya tatsi mai kaɗan, ya ɗaga shi sama ya duba. In akwai ruwa, zai gan shi a ƙasan kofi kamar ƙwayar tsakiya. Zai zubar ya sāke tatsa har sai ya fito da tsabta. Akwai tarko ɗaya a nan: idan kofin ya cika da ruwa zalla, babu layin da zai raba ruwa da mai, sai mai gaggawa ya ɗauka mai ne. Shi ya sa ake duba launin, a kuma sansana.

A jirage masu jakar roba, tatsar ma ba ta isa ba. Jakar idan ta tsufa, ko an sa ta ba daidai ba, takan yi ƙunji a ƙasa, ƙunjin ya zama kamar kunyar gona mai tare ruwa. Matuƙi ya tatsa ya ga mai tsantsa, ya gode, ya hau. Jirgi yana ɗaga hanci don tashi, ruwan ya tsallake kunyar ya gangaro cikin bututu, inji ya yi tari ya mutu a daidai lokacin da jirgin bai yi nisa da ƙasa ba, bai kuwa sami gudun da zai juyo ba. Wannan ya faru sau da dama har hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda ake kira FAA, ta fitar da umarni na dole a 1984, mai lamba 84-10-01, a kan waɗannan jirage na Cessna. Umarnin ya sa a duba jakunkunan ko sun yi ƙunji, a duba murafe, a kuma bi wata hanya ta girgiza fukafukai sama da ƙasa, a danna wutsiya, sa'an nan a sāke tatsa. Wanda ya ga matuƙi yana rausaya jirginsa da hannu a bakin fili kada ya zaci wasa yake yi.

Robar kanta ba ta son zama a bushe. Man da ke cikinta shi yake sa ta zauna da laushi. Jirgin da aka ajiye watanni da tanki rabi, a ƙarƙashin ranar bazara, saman jakarsa yakan bushe ya farfashe kamar tsohon tayan keke. Saboda haka ne littattafan gyara suke cewa a ajiye jirgi da tanki cike, in kuwa dole a zuƙe man, a shafa wa cikin jakar ɗan man inji mara kauri.

Ga kuma zanzaro. Kowane tanki yana da ɗan bututun shan iska, gama mai ba zai fita ba sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Duk wanda ya taɓa tsiyaye kalanzir daga gwangwani mai huda ɗaya ya san wannan. Bakin bututun nan kuwa daidai yake da abin da zanzaro yake nema don ya gina ɗakinsa na laka. Kwana biyu sun ishe shi. Idan ya toshe shi, inji zai tashi lafiya, jirgi ya hau, can bayan ɗan lokaci mai ya fara ƙin zuwa, tankin ƙarfe ya lotsa ciki, jakar roba kuwa ta fizge daga maɓallanta ta dunƙule, har ta iya tura ma'auni sama ya nuna akwai mai alhali babu. Ƙwaro ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

A ƙasashen da ake kai man jirgi daji cikin duro, aikin yana farawa tun kafin mai ya shiga tanki. Ba a barin duro a tsaye cikin ruwan sama, domin ruwa yakan taru a kansa, zafi da sanyi kuwa su sa duron ya tsotse shi ta bakin murfi. Kwantar da shi ake yi. Bayan an mirgino shi, sai a bar shi ya huta don datti da ruwa su kwanta, a kuma hana tiyon famfo taɓa ƙasansa. Matuƙan dā sukan tace mai da wata fata mai laushi da ke barin mai ya wuce ta riƙe ruwa. Yanzu akwai mazurari mai matata da ke yin wannan aiki. Da hunturu kuma akwai wani haɗari. Tartsatsin nan da yake fita sa'ad da mutum ya tuɓe rigar leda da dare, irinsa mai yake haifarwa in yana gudu cikin tiyo, ya kuwa isa ya kunna tururin mai. Don haka ake haɗa duro da mazurari da jirgi da waya ɗaya kafin a fara zubawa. Tankin da babu kome a ciki ma ya fi cikakke haɗari in za a kai masa wuta, gama tururin da ya saura a ciki shi ne yake fashewa. Masu walda a tashar mota sun san wannan, waɗansunsu da tabo a jiki suka koya.

To, yanzu sai batun alƙalami. Kowane jirgi yana da littattafansa, na gangar jiki daban, na inji daban, na farfela daban. Tun ranar da ya fita daga masana'anta ake rubuta awoyin da ya yi, da duk abin da aka taɓa a jikinsa, da ranar, da sunan wanda ya yi aikin, da lambar takardar shaidarsa, da sa hannunsa. Bisa ga yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Cikago a 1944, ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ita ce take da alhakin tabbatar da lafiyarsa. Haruffan da ke jikinsa suna nuna ta: 5U na Nijar, 5N na Nijeriya, TT na Cadi, TJ na Kamaru, 9G na Gana, N kuwa na Amurka. Da yake yawancin tsofaffin jiragen nan a Amurka aka ƙera su, a can kuma suka yi rabin rayuwarsu, tarihin da ke cikin littattafansu da ƙa'idar can aka rubuta shi, makanikin da ya karɓi jirgin a Yamai ko Injamena kuwa dole ya iya karanta shi.

A ƙa'idar can, aiki kashi-kashi ne. Akwai ƙananan abubuwan da mai jirgi in matuƙi ne zai iya yi da kansa ya rubuta, kamar wanke matatar mai. Akwai gyaran da sai makaniki mai shaida. Akwai kuma abin da ake kira babban gyara ko babban canji, gyaran tankin mai kuwa yana cikin wannan kashi, haka ma sāke fasalin yadda mai yake tafiya. Shi wannan ba ya tsayawa a littafi. Ana cika wata takarda mai lamba 337, wani makaniki mai izinin dubawa ya duba aikin ya sa hannu, a ba mai jirgi ɗaya, a aika ɗaya ofishin hukuma a birnin Oklahoma, inda take zama cikin fayil ɗin jirgin. Wanda yake so ya sayi tsohon jirgi yana iya neman kwafin fayil ɗin, ya gwada abin da takarda ta ce da abin da idonsa ya gani.

A nan ne tambayoyi suke tasowa. A ce makaniki ya buɗe fiffiken tsohon Cub ya iske ƙarin tanki na alminiyam a ciki, an yi aikin da kyau, ba ya yoyo, ga alama ya yi shekara talatin a wurin, amma babu layi ko ɗaya a kansa cikin littafi, babu takarda a fayil. Me zai yi? Mai jirgi zai ce, “Malam, abin nan ya girme ka a cikin jirgin nan, bai taɓa ba kowa wahala ba.” Gaskiya ya faɗa. Amma akwai abubuwan da ido ba ya amsawa. Ƙarin tanki ƙarin nauyi ne, a wurin da mai ƙera jirgin bai lissafta ba. Ko an sāke auna jirgin bayan an sa shi, ko har yanzu matuƙi da tsohon lissafi yake loda kaya? Lita nawa ce take saura a ƙasansa wadda inji ba ya iya sha idan jirgi ya karkata? Da wane irin tiyo aka haɗa shi, yaushe kuma aka canza tiyon? Bisa doka, jirgin da ba ya daidai da fasalin da aka amince da shi ba shi da izinin tashi, ko da kowane ƙusa nasa sabo ne. Hanya biyu ce ta saura: a nemo takardar amincewa da aka taɓa bayarwa don irin wannan tanki a irin wannan jirgi, a duba aikin bisa gare ta, a cika takardun da aka tsallake, ko kuwa a cire tankin. Dukansu biyu suna cin lokaci, jirgin kuwa yana ƙasa.

Wata tambayar ita ce ta abin da aka zuba a ciki. Akwai lokacin da aka saba gyaran tanki mai yoyo ta wurin zuba masa wani ruwan danƙo, a jujjuya shi har ya shafe ciki, a tsiyaye sauran. Yoyo yakan tsaya. Bayan shekaru kuwa danƙon yakan saɓule fallaye-fallaye kamar fatar maciji, ya je ya rufe rariyar da ke bakin bututu. Idan wanda ya zuba shi ya rubuta, makanikin da ya zo bayansa zai san ya haska fitila ya nema. Idan bai rubuta ba, shi da ya yi aikin wataƙila ya daɗe da rasuwa, babu kuwa wanda za a tambaya. Littafin jirgi wasiƙa ce zuwa ga mutumin da ba a haifa ba tukuna sa'ad da ake rubuta ta.

Idan littattafan suka ɓata gaba ɗaya, ko gara ta ci, ko gobara, jirgin ba ya zama banza, amma darajarsa a kasuwa tana faɗuwa ƙwarai, sai kuma a bi kowane umarni na dole da aka taɓa fitarwa a kansa ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar da ido an yi shi, kamar ba a taɓa yi ba.

Wurin da ya fi wuya a cikin aikin nan duka ba a cikin fiffike yake ba. A ce an yi kira daga wani ƙauye, mace tana naƙuda kwana biyu, hanya ta yanke, jirgi ɗaya ne kuma a rumfa. Makaniki ya ga ɗan shuɗin tabo a gindin fiffike, ga kuma warin mai a cikin ɗakin matuƙi. Zai yiwu zoben roba ne kawai, aikin rabin awa. Zai yiwu kuma wuyan jakar ne ya fara tsagewa, sabuwa kuwa sai an yi odarta daga ƙetare, ta zo da takardar shaidar inda aka yi ta. Kowa yana kallonsa. Ba wanda zai ce masa ya yi ƙarya, sai dai a ce, “Tafiyar awa ɗaya ce kawai.” Littattafan gyara sun taimaka masa kaɗan, gama a waɗansu jirage sun raba yoyo mataki-mataki, daga ɗan tabo zuwa tsiyaya, sun kuma faɗi wanda za a iya tashi da shi da wanda ba za a iya ba, yoyon da yake taruwa a rufaffen wuri inda iska ba ta kaiwa ba a wasa da shi. Amma littafi ba ya riƙe alƙalami. Idan ya sa hannu, cewa ya yi, “Na duba, na kuwa gani.” In bai buɗe ya gani ba, shaidar zur ya bayar, ko da jirgin ya je ya dawo lafiya. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Faɗinsa da sauƙi ga wanda ba shi ne zai je ya gaya wa dangin matar ba.

Masu cewa abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, ya kamata su san labarin Nate Saint. Matuƙi ne na ƙungiyar MAF, wadda aka kafa a 1945 don hidimar mishan da jirage. Ya isa ƙasar Ekwado a 1948, yana tashi a kan kurmin da in inji ya mutu babu ko tafin hannu na fili da za a sauka. Ba mutum ne mai ƙarancin bangaskiya ba, gama shi ne aka kashe tare da abokansa huɗu a bakin kogin Kuraray ranar 8 ga Janairu 1956, sa'ad da suka je neman mutanen Waorani. Duk da haka abin da ya riƙa damunsa shi ne toshewar bututun mai. Ya lura inji yana da hanyar wuta biyu, in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe, amma hanyar mai ɗaya ce tak. Sai ya ɗauki gwangwanin man girki, ya ɗaure shi a sandar da ke tallafe fiffike, ya ja masa ɗan bututu kai tsaye zuwa inji ba ta cikin kafireta ba, ya sa masa famfon da zai murɗa daga kujerarsa. Ya hau sama, ya yanke man da gangan, ya buɗe na gwangwanin, inji ya kama. Amma abin bai tsaya a dabarar mutum ɗaya ba. Sai da hukuma ta duba ta amince, sa'an nan aka riƙa sa irinsa a jiragen ƙungiyar. Ragowar jirgin da ya sauka da shi a bakin kogin, ƙirar Piper PA-14, an tono ta daga yashi a 1994, tana kuwa ajiye a hedkwatar MAF a garin Nampa na jihar Aidaho.

Canjin da ba a yi tunaninsa har ƙarshe ba kuwa yana da nasa labarin. Ranar 12 ga Oktoba 1997 mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya faɗa teku kusa da Montere a jihar Kalifoniya, cikin wani ƙaramin jirgi ƙirar gida da bai daɗe da saye ba. Wanda ya haɗa jirgin ya ɗauke hannun famfon da ake juyawa daga tanki zuwa tanki daga inda zane ya ce, watau tsakanin ƙafafun matuƙi, ya kai shi bayan kafaɗar hagu. Masu bincike sun ga cewa sa'ad da mai ya ƙare a tanki ɗaya, juyawar da matuƙin ya yi don ya kai hannu ga famfon ita ce ta sa ya taka abin juya jirgi ba da niyya ba.

Ko ma'aunin da ake sayen mai da shi yana iya zama tarko. Littafin tsohon jirgi da galan na Amurka yake magana, watau lita 3.8, galan na Ingila kuwa lita 4.5 ne, mai sayarwa kuma da lita yake awo. A 1983 wani babban jirgi na Air Canada ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata domin an lissafta da fam maimakon kilo. Injunansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a tsohon filin soja na Gimli, ba a kuwa rasa rai ba. Saboda irin wannan, matuƙin ƙaramin jirgi ba ya dogara ga allurar agogo kaɗai. Yakan hau tsani ya buɗe murfi ya tsoma sandar da aka yi wa zane-zane don wannan tanki musamman. Idan an canza jakar ko tankin, dole a sāke zana sandar, a zuba mai lita-lita ana sa alama.

Man kansa yana canzawa, tsofaffin tankuna kuwa ba a yi su don sabon ba. Tun 1982 aka fara ba da takardar amincewa a Amurka don waɗansu ƙananan jirage su sha man mota, amma da sharaɗin kada ya kasance da barasa a ciki. Barasar da ake gauraya wa man mota a ƙasashe da dama tana jan ruwa, tana cin tsohuwar roba, tana kuma narkar da shafen da ke jikin ɗan toshen ma'auni. Gwajinta mai sauƙi ne: a zuba ruwa kaɗan a kwalba a sa alama, a cika da mai, a girgiza, in ruwan ya ƙaru ya wuce alamar, akwai barasa. Man bakin hanya da ake sayarwa a kwalba ba a ma kawo zancensa kusa da jirgi.

Shi kuwa 100LL yana ɗauke da dalma, wadda guba ce, musamman ga yara. Man mota mai dalma ya ƙare a duniya a 2021, sa'ad da Aljeriya ta daina sayar da shi, ƙananan jirage kuwa suka ci gaba da shan nasu. A 2022 hukumar Amurka da masu sana'ar suka sa wa kansu shekarar 2030 don su rabu da shi, a wannan shekara ta 2022 kuma aka amince da wani sabon mai mara dalma mai suna G100UL. A Afirka wahalar samun man da tsadarsa sun riga sun sa ƙungiyoyi irin su MAF sun koma ga jirage kamar Cessna Caravan da Kodiak, masu shan man manyan jirage, wanda dangin kalanzir ne. Wanda ya riƙe tsohon jirginsa kuwa, ran da zai zuba masa sabon mai mara dalma, sai ya sayi takardar amincewa ta wannan mai don jirgin da injinsa, makaniki ya rubuta a littafi, a liƙa sabuwar alama kusa da bakin kowane tanki. Bayan haka kuma a yi makonni ana leƙa ƙarƙashin fiffike, a ga yadda tsohuwar roba da tsohon danƙo suka karɓe shi.